Kaskon Hajiya da Gwangwanin Amparo

Malam Sani, wanda aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Paris, bai zo ba. Na tsaya da akwatina da ƙunshin kilishin da innata ta cusa mini, duk baƙin mutumin da ya gifta sai in washe masa baki, har wani ya tsaya ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na buga lambar da aka rubuto mini tun daga Damagaram. Wata mace ta ɗauka, ta ce ba ta san wani Malam Sani ba, ta kashe. Daga baya na ji ashe Malam Sani ya daɗe da barin Faransa, kunya ce ta hana shi gaya wa mutanen gida, duk wanda ya ce ya tarbar masa ɗa sai ya ce to. Haka ƙasar nan ta yi mini maraba, ni Barira da ake cewa bakina ba ya mutuwa. Ranar kam ya mutu murus.

Wata mai share filin jirgin, 'yar Mali, ita ta gan ni ina kuka a kan akwati. Ba ta tambaye ni komai ba sai, "Kin yi salla?" Da ta tashi daga aiki ta ja ni zuwa La Courneuve, wata unguwa mai dogayen benaye a gefen Paris, ta shimfiɗa mini katifa a tsakanin 'ya'yanta. A gidanta na fara ganin abubuwan da suka riƙa sa ni riƙe baki. Maƙwabci ya haɗu da maƙwabci a ƙofa, kowa ya sadda kai ya wuce. Wani tsoho a hawan ƙasa ya rasu a ɗakinsa, wari ne ya sanar da mutane. Na ce, "Yaya, ba shi da kowa ne?" Ta ce yana da 'ya'ya, suna aiki. Na daɗe ina juya wannan amsa a raina.

Karatuna a Lyon yake. Na gama digirin Sipaniyanci a Yamai, aka ba ni gurbin ƙaro ilimi a jami'ar da ke Bron. Gwaggona ta yi ta buge-bugen waya har ta zaƙulo wata ƙawarta ta ƙuruciya, Hajiya Kubura, mutuniyar Maraɗi, wadda mijinta ya yi aikin masana'anta a Vénissieux, gefen Lyon, har Allah ya karɓi abinsa. Ita ta ba ni ɗaki, can saman wani bene a unguwar Minguettes, inda in ka leƙa ƙasa sai ka ji jiri.

Hajiya dillaliya ce: leshi, atamfa, gwal, da turaren wutar da take haɗawa da hannunta. Tun daga cikin asansar, akwatin nan mai hawa da mutane sama, hancinka zai gaya maka ka doshi hawanta. Na'urar da Turawa ke maƙalawa a rufin ɗaki don ta yi ihu in ta ji hayaƙi, Hajiya ta daɗe da ɗaure mata baki da leda. Kayan sawa kuwa a baranda take turara su. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kife babban kwando a kai, ta jibga tufafi. A wurinta babu abin da turare ba ya gyarawa: kaya, gashi, ɗaki, aure, har takardun jarrabawata sai da ta turara mini.

Ga ta da ido, abin har tsoro yake ba ni. Mace ta shigo sayen leshi, Hajiya ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Ƙara yadi, kin kusa buƙata." Matar ta rantse ta maya babu komai. Bayan ɗan lokaci sai ga ta ta dawo tana sunne kai. Gwal kuwa da wani ɗan gilashi take duba shi, mai girmama abu, wanda ba ya barin wuyanta.

Ni na zo ne da niyyar nazarin littattafai. Malamin da aka haɗa ni da shi, wani dogon Bature mai magana a hankali, ya ce littattafan sun ishi masu su, ya tura mini wani siririn fayil. Ya ce, "Ga wata mata da aka binne da ranta."

Sunanta Amparo. Sunan danginta zan bar shi a cikina. 'Yar masu wankau ce a Barcelona, ta fara da rawa a dandamali, a zamanin da fim bai fara magana ba tukuna. Ta gaji da maza suna ce mata tsaya nan, yi kuka can, sai ta sayar da sarƙoƙinta da 'yan kunnenta ta sayi kyamara irin wadda ake juyawa da hannu. Ita ke tsara labari, ita ke ɗaukar 'yan wasa, ita ke ba da umarni, ita ke yanka fim ta haɗa. To amma a ƙasarsu a lokacin matar aure ba ta ƙulla kasuwanci sai da yardar miji, saboda haka aka rubuta kamfanin da sunansa. Sunansa ne a allon sinima, sunansa ne a jarida. Mutumin da ko riƙe kyamara bai iya ba! Daga baya ma ya tsallaka teku da wata, ya bar ta da goyo. Da yaƙin basasa ya ci ƙasarsu, ta hawo duwatsu a ƙafa ta shigo Faransa da 'yarta da gwangwanayen fim a cikin akwati. A Paris ta ƙare rayuwarta a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana liƙa finafinan wasu.

A cikin taram, jirgin cikin gari, na karanta fayil ɗin, har na wuce tashata ban sani ba. Da na isa gida na ba Hajiya labari, ta tafa hannu ta ce, "Yo ashe har Turawa! Ni na zaci mu kaɗai aka raina."

Matsalar ita ce babu shaida. Ko hoton Amparo tana aiki babu, finafinanta duk sun ɓace. Malamina ya ce 'yarta tana raye a Paris, ta tsufa tukuf, sunanta Consuelo, kuma duk mai binciken da ya je ƙofarta korar kare take yi masa. Ya ce, "Ke kina jin yarenta, kuma na lura ba kya gajiya da magana. Gwada."

Zuwan farko ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta ji abin da ya kawo ni, ta rufe. Zuwa na biyu ban ambaci fim ba. Na tsaya a bayan ƙofa na yi mata gaisuwa irin tamu da Sipaniyanci: ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya ƙafa, yaya ido, yaya mutanen gida. Can ta ce, "Wane mutanen gida? Ni kaɗai ce." Sai na ji an zare sarƙa.

Abin da na gani a ciki ya tayar mini da hankali. Tsohuwa ta doshi casa'in, ido ya kusa tafiya, tana laluben bango kafin ta kai madafa, kuma babu ko mage a gidan. Tana da ɗa ɗaya, yana wata ƙasa, yana aiki. Ban san lokacin da na tuɓe mayafi na kama shara ba. Tun daga nan duk hutun da na samu sai in hau jirgin ƙasa in zo, in kwana a La Courneuve wurin yayata 'yar Mali, da safe in tafi in wanke wa tsohuwa kai in shafa mata mai. Ta ce in daina ce mata Madam. Na koma ce mata Kaka da Hausa, ta ce sunan ya yi mata daɗi a kunne.

Wata rana ina tsefe mata gashi ta gaya mini dalilin korar mutane. Shekarun baya wani mutum ya zo mata, fes da shi, da kwat da ƙamshi, yana Sipaniyanci kamar ɗan unguwarsu. Ya ce shi masoyin tsofaffin finafinai ne, har ya yi hawaye da ya ga gwangwanayen. Ya ce zai kai a gyara su, a haska mata a babban allo. Ita da kanta ta taya shi sauko da su zuwa mota. Tun daga ranar lambarsa ta daina shiga.

Na saki matsefi. Na ce, "Duka, Kaka? Duka ya kwashe?"

Ta yi wata 'yar dariya, ta nuna mini kabad ɗin kayanta da sanda. Ƙafarsa ɗaya ta karye tun da daɗewa, an tokare ta da wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa, kamar faifan tuwo mai murfi. Ɓarawon bai duba ƙasa ba.

"Wannan uwata ta ce ba fim ba ne, shaida ce," in ji ta. "Mai riƙe mata kyamara ne ya juyo da ita kanta wata rana tana cikin aiki, ba ta sani ba. Ta hana ni buɗewa, ta ce irinsa yana kamawa da wuta. Yanzu ma murfin ya cije. Ɗiyata, ni uwar da na sani mai sunkuyar da kai ce, mai ce wa kowa pardon, a yi haƙuri, ko an taka ta. Ban taɓa ganin waccan ba, mai ba maza umarni. Idona ya tafi, ba zan gani ba. So nake wani ya gani ya zo ya gaya mini yadda take."

Na ce ta ba ni, ta ce a'a. Ban ga laifinta ba.

Sai da sanyi ya sake zagayowa ta kira ni a waya. Ɗanta ya zo, ya sama mata wuri a gidan tsofaffi, a cikin satin nan za a kwashe kayan ɗakin, abin da ba a so a zubar. Na taho ba shiri. Na tarar da ƙarti suna fitar da kujeru, ita kuma tana zaune a bakin gado ta rungume gwangwanin a ƙirji. Ta miƙo mini ta ce, "Ki gani, ki dawo ki gaya mini. Kada ki daɗe."

A tasha na kira malamina, ya haɗa ni da wata mata mai gyaran tsofaffin finafinai a Lyon. Da ta ji shekarun abin sai muryarta ta canja. Ta ce fim ɗin wancan zamani da wani sinadari aka yi shi mai saurin kamawa, in ya tsufa ya fi haɗari. Ranar Asabar ce, wurin aikinsu a rufe. Ta ce, "Ki kawo Litinin da safe. Kafin nan kada ki buɗe, kada ki ajiye shi a ɗaki, ki sa shi inda ke da sanyi, nesa da zafi." Na ɗora shi a cinya har Lyon, ko motsin kirki ban yi ba.

Wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidanmu shi ne baranda. Nan na ajiye shi a lungu. Hajiya ta biyo ni tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ke Barira, mushen me kika kwaso mini?"

Gaskiya yana wari, wani irin wari mai yaji kamar tsohuwar safa da aka manta a takalmi. Na ce, "Hajiya, Amparo ce a ciki. Zuwa Litinin kawai. Don Allah kada a taɓa, ba ya son zafi."

Ta ce, "To wa ya ce zai dafa shi? Amma baiwar Allah, a ce mace guda ta ƙare a cikin wannan ɗoyi."

Washegari Lahadi ana suna a hawan da ke ƙasa da namu, kuma daga can matan za su hawo wurin Hajiya su ga sabon leshi. Da hantsi ta aike ni kasuwa sayo albasa da na'ana'a. Na dawo ina tafe ina 'yan waƙe-waƙena, na kusa gindin bene, sai na ga mutane sun tsaya cirko-cirko kowa ya ɗaga kai sama. Na ɗaga nawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Barandarmu ce. Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Ba ci take ba, feshi take, da wani gurnani da nake ji tun daga ƙasa, ga hayaƙi rawaya-rawaya yana murtukewa. Na watsar da albasa na ruga. Asansar ta ƙi zuwa, na kama matakala ina hawa ina kiran sunan Allah, ina kiran Hajiya, ina kiran Amparo kamar wata wadda na sani.

Kafin in kai an gama. Abin bai daɗe ba ko kaɗan. Na tarar da mata da gwaggwaro suna salati a falo, Hajiya zaune daɓas a ƙasa, girarta ta ƙone, hannunta na dama ya saluɓe, wata na zuba masa ruwa. Gilashin ƙofar baranda ya tsage, bango ya yi baƙi ƙirin. Leshi, kwando, komai ya zama toka. Gwangwanin yana nan a buɗe, ya lanƙwashe, babu komai a ciki.

Na durƙusa a gabansa na ɗora hannu a ka. Ban yi kuka ba. Na kasa.

'Yan pompiye, masu kashe gobara, suka zo da jiniya, suka duba, suka yi ta faɗa a kan na'urar da aka ɗaure wa baki, suka kwashi Hajiya zuwa asibiti. A can, bayan an naɗe mata hannu, ta gaya mini yadda aka yi, ba ta kallona.

Warin ne ya dame ta. Baƙi za su shigo, kuma ya fara kama leshin da ta shanya. Ta ce a ranta bari ta taimake ni, kada in kai wa Turawa abu yana ɗoyi su ce haka 'yan Afirka suke. Ta ɗiga man gyaɗa a bakin murfin, ta sa wuƙa, ta banƙare shi. Ta ga wani dogon zare a naɗe, gefensa ya fara danƙo. Ta warware shi a hankali don turare ya ratsa ko'ina, ta shimfiɗa a kan kwando tare da kaya.

Na ce, "Hajiya, ban ce miki ba ya son zafi ba?"

Ta ce, "Ɗiyata, turare ai hayaƙi ne. Jariri ma ana turara masa kaya. Na zuba ruwa bokiti guda, wallahi kamar fetur na ƙara masa. Wace irin wuta ce ruwa ba ya kashe ta?"

Na buɗe baki zan yi magana, na ga hannunta, na tashi na fita. Kwanaki ba na ce mata komai sai gaisuwa. Raina ya ɓaci da ita, ɓaci mai tsanani, kuma na san don ni ta yi, wannan ya ƙara mini ciwo. Malamina da na gaya masa bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya zauna, ya daɗe yana kallon bango. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni cin abinci ba. Tsohuwa ce a gidan tsofaffi tana jiran in dawo in gaya mata. Sau biyu wayarta na shigowa ina kallo har ta katse.

Wata safiya na fito na tarar da Hajiya ta ci ado, ta yafa babban mayafi, ga kwanon dambu a ɗaure a gefenta.

"Tashi ki kai ni wurin tsohuwar."

Na ce, "Hajiya, Paris fa. Ki bari in kira ta a waya."

Ta harare ni da idon da babu gira. "A waya? Ki ƙona wa mutum uwa ki ba shi haƙuri a waya? A gidanku haka aka koya miki? Ni na yi ɓarnar, ni zan durƙusa."

Muka hau jirgin ƙasa. Har Paris carbi kawai Hajiya take ja da hannun hagu.

Gidan tsofaffin tsaf yake, ko ƙura babu, kuma ban taɓa shiga wurin da ya fi shi ban tausayi ba. An jera su a kujeru a gaban talabijin, wasu na barci baki buɗe. Hajiya ta tsaya cak a ƙofa. Ta ce, "Barira, waɗannan duk marayu ne?" Na ce suna da 'ya'ya. Ta ce, "La'ilaha illallahu," ta ƙara riƙe kwanonta.

Kaka tana ɗakinta a bakin taga. Ta rame. Tun kafin in yi sallama ta juyo ta ce, "Ɗiyata, kin daɗe. Wa kika zo da shi mai ƙamshi haka?"

Hajiya ta ajiye kwano, ta zube a gabanta da gwiwoyinta masu ciwo. Ta ce, "Gaya mata. Kada ki rage komai." Na gaya mata, tun daga wari har zuwa toka. Ina magana ina kallon fuskarta tana rufewa. Da na gama ba ta yi ihu ba, ba ta zage mu ba. Ta juyar da kai wajen taga ta ce, "Shi ke nan. Sun gama da ita. Ku tafi."

Na fassara. Na kama hannun Hajiya zan ɗaga ta, ta fizge.

"Ce mata na gan ta."

Na ce, "Kin ga wa?"

"Uwar tata mana. Kin taɓa ganin na taɓa kaya ban duba ba? Da na warware zaren na ga 'yan hotuna a jere, ƙanana kamar tambarin wasiƙa. Na ɗaga shi a rana, na sa gilashina na gwal. Tun daga farko har ƙarshe na bi shi. Shi ya sa ma garwashin ya yi ja sosai, na shagala."

Duk kwanakin nan muna gida ɗaya! Na ce, "Hajiya, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Kina gaishe ni kamar mai bin bashin gaba, ta ina zan fara? Kuma ba ke aka yi wa alkawari ba, ita ce. Fassara."

Na fassara. Kaka ta juyo a hankali.

Hajiya ta gyara zama ta fara, ni ina bin ta da Sipaniyanci. Ta ce wani fili ne, da bango a baya an zana masa tagogi na ƙarya. Maza sun fi a ƙirga a hannu ɗaya, wasu na ɗauke da katako, wani na riƙe da babban farin ƙyalle. A tsakiyarsu mace ɗaya, 'yar gajera, ta hau kan akwati don ta fi su tsawo. Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, gashinta ya kwance gefe ɗaya ba ta kula ba. Ta miƙa hannu tana nuna wa wani ƙato inda zai tsaya, ƙaton ya cire hula ya ruga.

"Ya cire hula?" in ji Kaka.

"Ya cire, har yana tuntuɓe," in ji Hajiya.

"Me take cewa?"

Hajiya ta ce, "Iya, hoton ba ya magana. Amma ni dillaliya ce, na san bakin mai roƙo, na san bakin mai tsawa. Wannan bakin ba pardon yake cewa ba."

Sai tsohuwa ta fashe da dariya, dariya da hawaye tare, har ma'aikaciya ta leƙo. Ta ce, "Yaya ta tsaya? Nuna mini. Ba na gani, bari in taɓa."

Hajiya ta dafa gado ta miƙe. Ta ware ƙafafu, ta ɗaga haɓa, ta miƙa hannunta mai bandeji gaba, ta kai na hagu baya ta tokare ƙugu. Kaka ta miƙo hannuwa tana shafa ta, daga haɓa zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa hannun da ya ƙone, ta riƙe shi a hankali. Ta gangaro har ta iske ɗaya hannun a bayan ƙugu, ta tsaya a nan.

"Me ya sa ta dafe baya? Ciwo take?"

Na fassara. Hajiya ta dube ni, ta dubi tsohuwar.

"Tambaye ta, su nawa uwarsu ta haifa?"

Kaka ta ce ita kaɗai ce.

Hajiya ta ce, "To ba ciwo ba ne. Can wajen ƙarshe ta juyo gefe za ta sauko daga kan akwatin, rigar ta kama jikinta. Cikin ya kai wata shida. Ce mata ba uwarta kaɗai na gani ba."

Na buɗe baki in fassara, babu abin da ya fito. Karo na biyu ke nan da bakina ya mutu a ƙasar nan. Kaka tana ta juya kai tsakaninmu tana cewa, "Me ta ce? Ɗiyata, me ta ce?"

Hajiya ba ta jira ni ba. Ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a kan nata cikin, ta zagaya da shi ta kwatanta tudu. Sannan ta ɗauke shi ta mayar a kan ƙirjin Kaka, ta danna.

Tsohuwa ta bar hannunta a inda aka ajiye shi. Can ta faɗi kalma ɗaya da yarensu, a hankali, wadda Hajiya ba ta nemi in fassara mata ba.

"Ni."